Jan Takalmi Mai Tsini

Ina cikin shagon takalma sai wata mata mai dogara sanda ta ɗauki jan takalmi mai tsini. Mai shagon ya yi gyaran murya.

"Hajiya, ga marasa tudu can. Wannan ai ba ya tafiya da sanda."

"Sandar ce ta faɗa maka?"

"A'a, Allah ya ba ki haƙuri. Amma ba ke ce kika wuce nan shekaranjiya kina sauri ba, babu sanda?"

"Ni ce. Gobe ma wataƙila ka gan ni haka. Ciwon jijiyoyi ne, likitoci na ce masa MS. Yau ƙafar tawa ce, gobe ta aro ce."

"Ikon Allah! Ni da na ɗauka ciwo in ya zo, ya zo ke nan. Ƙanwata ma haka take, yau tana daka, gobe ta kasa riƙe kofi. Kullum faɗa nake mata, lalaci..."

Ya kalli sandar hannunta.

"Kai ta asibiti, Malam, ka rage faɗan. Miƙo min ɗaya ƙafar."

"To, yaushe za ki sa shi?"

"Ranar da aka kawo wuta. Ƙafafun nan kamar lantarki suke, ba sa sallama, ba sa bankwana. In an kawo, sai in yi guga."

"In kuma ba a kawo ba fa?"

Ta rataye sandar a hannu, tana juya takalmin.

"Don ana ɗauke wuta, ka taɓa jefar da dutsen gugarka? Sa min a leda."