Hannun da Ya Fara Rawa

A bencin ofishin rajistar kamfanoni, wani mai aski yana ta kaɗa ƙafa. Dattijon da ke gefensa ya dube shi.

"Samari, lafiya?"

"Shagon askinmu zan mayar kamfani, Baba. Lauya ya ce ko an kai ƙara, kamfanin za a kama, ba mai taɓa gidana."

"Shagonku kai da wa?"

"Ni da yayana. Shi ya koya mini riƙon aska."

"Ya san ka zo?"

Mai aski ya daina kaɗa ƙafa. "Hannunsa ya fara rawa. Shekaranjiya ya yanki kunnen wani. Sunana kaɗai zan sa, shi kuma ya huta."

"Shi ya ce maka ya gaji?"

"Baba, ina ruwanka? Kai me ya kawo ka?"

Dattijon ya ɗago hannunsa, yatsun suna karkarwa. "Tela ne ni. Ɗana ya kawo ni in sa hannu in bar masa shagona, wai in huta."

Sai aka kira mai aski. Aski ya zo gaban goshi, amma mai askin ya kasa tashi.