Kasuwar da Ta Bi Nama

Ranar kasuwa ce a wani gari kusa da Tamaske, zamanin yaƙin Jamus, amma rumfuna ko ƙuda babu. Wani baƙo mai jaki ya tarar da dattijo zaune shi kaɗai gindin sikeli.

"Baba, ko na ɓata kwana ne? Ina kasuwa?"

"Ta tashi. Tana can gindin gawo, bayan fadama."

"Annoba anka yi?"

"Taurin kai dai. Tun kakanni 'yan kasuwa su ke zaɓen sarkin kasuwarsu. Bana kamfanin fatu ya sa anka naɗa nashi, don kowace fata ta biyo ta nan. Sai mahauta sunka taru gidan sarkin fawa, sunka rantse ba mai ƙara yanka a filin ga. Inda nama ya tahi kuwa, can mutane ke bi."

"Sun yi maganinsu! Wane wawa ne ya amshi rawanin?"

"Mutumin kirki ne. Har karatu gare shi."

"To taso mu tahi mana."

"Sarki ba ya barin kasuwarshi. In ka isa, ka nemi Kulu mai hura, matata ce. Ta sayo mini tsire. Kar ta ce don ni ne, ba za su saida mata ba."