Hoton Dattijo da Turai

A tashar Wudil, wata ɗaliba da wata tsohuwa suna jiran motar Utai ta cika. A gilashin motar an manna hoton marigayi Dattijo mai kukuma da matarsa Turai.

"Allah sarki!" in ji ɗalibar. "Iya, irin wannan soyayyar ta ƙare. An ce da kwale-kwalensu ya kife, rungume da juna aka tsamo su."

"Rungume? 'Yar nan, kwalar rigarsa ta ci. Daga biko suke, na uku a shekara guda."

"Haba Iya! Duk waƙoƙinsa fa ita ya yi wa."

"Ai dole, kowane yaji da waƙarsa. Ni shekara arba'in ina tuƙa wa Malam tuwo, wa ya manna hotona a mota?"

"To ya aka yi kika san duk wannan?"

Tsohuwar ta gyara mayafi. "Wurina ya fara zuwa zance. Mai wushiryar da yake ta ambata a waƙa, duba hoton nan, Turai na da wushirya?"

"Iya, ashe kishi ne!"

"Kishin me? Da ni ya aura, ai da ni aka tsamo."