Wayar da Ta Shigo Lokacin Fatur

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Sunana Ishaya. Ku yi mini haƙuri in na yi ta kai da kawo a gabanku, ni dama ban iya tsayawa wuri ɗaya ba.

Tun ina saurayi na zo ƙasar nan ta Sudan, na kama aiki wurin Baba Alhaji, mai fataucin riɗi da zoborodo a Umdurman. Bahaushen Sudan ne, Musulmi, amma bai taɓa nuna mini bambanci ba. Kullum da hantsi in an kawo fatur, abincin da ake ci tare a tire ɗaya, wurina na kusa da gwiwarsa. Daga ɗaukar buhu na kai ga riƙe harkar gaba ɗaya.

To, sai masu saye daga waje suka fara tambaya: wace makaranta manajanku ya yi? Ni da furfurata! Abin ya tsaya mini a wuya. Na nemi shiga makarantar koyon kasuwanci a Hartum, ta masu aiki, kwana biyu a mako. Suka ce in ba da lambar maigidana, na bayar. Amma shi ban gaya masa ba.

Tsoro nake ji. Wani yaronsa ya taɓa zuwa karatu bai dawo ba, kuma tun daga nan Baba bai ƙara ambatar sunansa ba. Na ce in ya ji, shi ke nan, ni ma na tashi daga tiren nan.

Kai, na sha wuya! In zauna, in tashi. In ƙirga buhu in manta, in sake. Wayar Baba ta yi ƙara, sai in ce makarantar ce. Abinci ya daina shiga. Matata Rahila ta ce, "Baban Talatu, kai da kake ciniki da Larabawa ba ka ƙifta ido, tsoho ɗaya ya hana ka cin tuwo?"

Wata safiya a motar hayar unguwar Umbadda, an matse ni har ba na iya motsa ƙafa, na sunkuyar da kai na ce, "Ya Yesu, bakina ya ƙi buɗuwa. Na gaji. Ka buɗe maganar nan da kanka, ko me zai biyo baya na yarda."

A ranar, 'yan'uwa, a ranar! Muna tsakiyar fatur wayar ta shigo. Hannun Baba duk wake, sai ya sa aka danna masa sifika kowa ya ji. Wata mata ta ce daga makaranta take, tana tambaya ko zai saki Ishaya kwana biyu a mako.

Hannuwa suka tsaya a tire.

Baba ya dube ni. Sannan ya ce mata da Larabci, "In ba ku ɗauke shi ba, ku kuka yi asara." Aka kashe wayar.

Ya juyo. "Ishaya, sai a bakin baƙuwa zan ji?"

Na ce, "Baba, tsoro na ji."

"Tsoron me? Wancan yaron bai yi mini sallama ba ne, ba karatun na ƙi ba. Ubana auduga ya tsinta a gonakin Jazira har bayansa ya tanƙware, bai taɓa shiga aji ba. Ni ma haka. Ka je ka zauna mana." Ya tura mini ƙwai gabana. "Halas, magana ta ƙare. Ci."

Na yi kuka a gaban leburori, ban ji kunya ba. Ku yabi Ubangiji!

Na san kuna jira in ce an ɗauke ni. Ban sani ba tukuna, makarantar ba ta ba da amsa ba. Amma Yesu ya riga ya cire mini abin da ke cina. Duk wanda wata magana ta tokare masa ƙirji, ya miƙa masa, shi ya san lokacin da zai sa waya ta yi ƙara.

Na gode wa Allah. Jiya ma a tiren nan na ci, har Baba ya ce in bar wa mutane.