Ƙurajen Wuyan da Muka Gada

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sale direba, daga Maigatari.

Tun ina saurayi nake da wasu ƙuraje a wuya, kamar fatar figaggiyar kaza. Ba sa ciwo, kuma yayata Hajara ma tana da su, sai ban damu ba. Bara ta fara gani dishi-dishi, na kai ta asibiti a Kano. Likita ya duba wuyanta, ya kalli nawa, ya ce, "Malam, kai ma zauna."

Ya ce gado ne. Ƙwayoyin jikin mutum suna da 'yan ƙofofi masu fitar da abin da ke hana sinadarin ƙashi taruwa barkatai. Namu sun gaza, shi ya sa yake taruwa a fata da cikin ido. Ana ta bincike, amma ba a samu maganin warkewa ba tukuna.

Na ce, "To, tuƙi fa?" Ya ce idona lafiya yanzu, amma in riƙa zuwa ana dubawa.

Don Allah, mai irin wannan wuya ya je a duba idonsa. Ina gai da Yaya Hajara, na san tana manne da rediyonta.