Ba da Gatari Ake Yi Ba

A asibiti, a ɗakin jira na sashen ciwon jini, wani mahauci ya zauna yana ta murza hularsa. Matar da ke gefensa ta tambaye shi ko lafiya.

"Ina fa lafiya, baiwar Allah? Ɗana ke da sikila, wai sai an yi masa dashen ɓargo, kuma na yayarsa ne ya dace. Na zo in ce ban yarda ba. Ni da nake fasa ƙashi kullum, a sa wa 'yata gatari?"

Ta tuntsire da dariya. "Haba Baba, wane gatari? Allura ce a ƙugu, tana barci za a yi. Ni ma na ba ƙanena, ga shi da ƙafata na zo."

"Naki bai ƙare ba?"

"Ya sake cika. Likita ya ce cikin ƙashi gida ne, a nan ake renon irin da ke haifar da jini. Aka share na ƙanena, aka zuba irina, gidan ya karɓa yana ciyar da shi."

"Ya warke?"

"Sarai! Da ko gaisawa ba ma yi. Yanzu in ya yi mini tsiwa, sai in ce da jinina kake yi."

Mahaucin ya daina murza hular, ya ce, "Yarinyar ta ce za ta bayar, ni na hana. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Da aka kira shi, ya kafa hularsa, ya tambayi ma'aikaciyar jinya, "Yaushe zan kawo su, su biyun?"