Baba Yana Tauna Man Kifi

Salamu alaikum mai gabatarwa, Hadiza ce daga Damagaram.

"Madam, dubi hatimin nan, labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, mai zaman kansa ne ya gwada man a Turai," in ji mai farmasi, lokacin da na mayar masa da kwalbar ƙwayoyin man kifin da likita ya rubuta wa mahaifina saboda zuciyarsa. Baba yana tauna magani kamar goro, shi ya sa ya ji man ya lalace.

Na ce hatimin bai san kwalbar ta sha ranar tagarsa watanni ba. Wa zai sake gwadawa a nan?

"Babu. Ki ce wa Alhaji ya riƙa haɗiyewa."

Na fito, ƙofa ta rufe bayana. Baba yana gida yana jiran in ce ya sha ko ya bari, ni kuma da digirina na kimiyya ban sani ba. Masu sauraro, me zan gaya masa?